Ku ƙirga tukuna, kafin ku ce babu lokaci

Makon jiya wani abokin aikina a nan Ɗan Kassari ya miƙo mini takardar jarrabawar Hausa da ya buga wa ƴan ajinsa. Tambayar farko: "Me ya sa baki suka bar kasar?" Baƙi yake nufi, da ƙasar. Yaron da muka shekara muna koya wa cewa ƙ daban, k daban, me zai karanta? Da na yi magana sai ya ce: "Mushe, ina lokacin? Kowace ƙugiya sai ka bi lungu-lungu kafin ka samo ta."

Ban yi musu ba, na je na ƙirga. Na ɗauki shafi ɗaya na darasin Sarauniya Mangu ta Lugu, na ajiye takarda a gefe, duk motsin da hannuna ya yi sai in ja layi. Allon rubutunmu AZERTY ne, don Faransanci aka yi shi: é, è, ç, à, kowane da ɗakinsa, amma ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ko zaure ba su samu ba. A Word, kafin ɗ guda ta fito sai na latsa sau biyar. Shafin yana da ƙugiya arba'in da ƴan kai, latsawa ta haura 200 ke nan. Wahalar da ya faɗa gaskiya ce.

Hujjar ce ba ta tsaya ba. A cikin akwatin nan na Symbole akwai wurin ba harafi maɓallinsa na kansa. Sau ɗaya ake yi, minti goma bai cika ba, daga nan ƙ ta koma latsawa guda. Akwai Keyman kyauta, a waya kuma Gboard yana da Hausa. Ƙirgar ta tona nawa asirin ma: shekara da shekaru ina jan linzami don kwafewa da adanawa, alhali Ctrl+C da Ctrl+S suna ƙarƙashin yatsuna.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu ɗin nan ne muke zabga wa yaro jan biro in ya manta aksan ɗaya a dikte. Ba wanda ya taɓa cewa babu lokacin é. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana ta harshen ƙasa, amma har yau muna buga wa yara "daki" mu ce su karanta "ɗaki", in sun kuskure mu rage maki.

Iyaye, ku duba takardun da ƴaƴanku ke kawowa gida. In kun ga baki a gurbin baƙi, ku zo lakwal ku tambaya. Abokin nawa dai na saita masa maɓallan huɗu ran Laraba, ya sake buga jarrabawar.