Wa ya mayar da ɗan Zango baƙo?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Gana, sai sunan Nima da Maamobi, unguwannin Zango na Accra, ya dawo bakin jama'a, kuma galibi ba don alheri ba. Ana maganar ƙarti majiya ƙarfi da 'yan siyasa ke ɗauka su tsare akwati ko su tarwatsa taron abokan hamayya, ana kuma yi wa ɗan Zango kallon wanda ake kira idan aiki na damtse ne, a manta da shi idan an zo rabo. Ra'ayina shi ne wannan kallo bai samo tushe daga halin mutanen unguwannin nan ba. Gado ne na wata tsohuwar dabarar yaƙi da Ingila ta yi aiki da ita a nan shekara ɗari da hamsin da suka wuce: a ɗebi soja daga cikin mutanen da ba su da dangi a ƙasar da ake son murƙushewa.

A 1863 Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas, akasarinta bayi ne masu jin Hausa da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Da yaƙin Ingila da Asante ya tashi a 1873, sai aka turo shi Gwalkwas (Gana ta yau) da waɗannan dakaru, ya bi ta gabas wajen kogin Volta yana ƙara ɗibar kurata, shi kuwa Janar Garnet Wolseley ya nufi Kumasi kai tsaye, ya ƙone ta a watan Fabrairun 1874. Daga nan aka kafa rundunar 'yan sandan Hausa ta Gwalkwas a 1879, wadda ta rikiɗe ta zama rundunar sojan ƙasar a 1901. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta a littafi da sunan Hausawa, Gurunsawa ne da Dagwambawa da Mosawa da Zabarmawa da Barebari da Yarbawa. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, saboda haka duk wanda ya sa jar dara da jar ɗamara ya tsaya fareti ba takalmi, Bahaushe ne a idon Bature. Abin da Bature ke buƙata a wurin kurtu shi ne ya zama ba ɗan gari ba, yadda idan an ce ya harba, ba zai hango ƙanen uwarsa a cikin taron ba.

Haka aka yi ko'ina. Bayan boren Indiya na 1857 Ingila ta jingina da Gurka da Sik, har ta kai Sik aikin ɗan sanda a Hong Kong. Faransa ta kwashi sojan Afirka ta Yamma ta kai su Madagaska da Maroko. Abin da ya fi ciwo ma, rundunar da Lugard ya ci Kano da Sakkwato da ita a 1903 cike take da masu jin Hausa. Amma babbar shaidar tana nan Accra. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga Bama suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a Osu suna neman haƙƙinsu. A mararrabar Christiansborg, Sufurtanda Colin Imray ya karɓi bindiga da hannunsa ya harba, aka rasa Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, gari ya kama da wuta. Me gwamnati ta yi? Sai ta kawo soja daga Najeriya. Da sojan gida ya fara zama ɗan gari, sai aka nemo wanda ya fi shi baƙunta.

Za a ce, to ai waɗannan kakanni karnukan farautar Bature ne, su suka taimaka aka kama sarkin Asante Prempeh a 1896, su suka yaƙi Yaa Asantewaa, jagorar boren Asante, a 1900, don haka zargin da ake wa jikokinsu ba a banza yake ba. Ba a musun cewa sun yi yaƙin. Amma Fante da Ga da Akyem su ma sun fita tare da Ingila a 1873, don suna da tasu jiƙaƙƙiyar da Asante, kuma babu mai tambayar jikokinsu takardar zama ɗan ƙasa a kan haka. Sannan a dubi zaɓin da ke gaban bawan da ya tsere daga kasuwar Salaga: ko a kama shi a sake sayarwa, ko ya shiga bariki ya sami albashi da kariya. Ladar da ya samu ma ba ta taka kara ta karya ba. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya harba harsashin farko na ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, iyakarsa saja-manja. Sai a 1942 aka ba ɗan Afirka na farko, Seth Anthony, muƙamin hafsa, shi kuma ɗan boko ne daga kudu.

Wasu kuma daga cikin gida za su ce Zango fatake da malamai suka kafa shi, ba soja ba. Suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ƙarfafa maganata take yi. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja kafin a san da Glover, kuma Bature Bowdich ya tarar da malamai Musulmi a fadar sarkin Asante tun 1817. Sabon Zangon Accra Malam Bako ne ya kafa shi, Nima kuwa Malam Futa ne ya sami filinta daga mutanen Osu a farkon shekarun 1930. Duk da haka yaƙi bai bar Nima ba. Ta cika ta batse ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Accra ta zama matattarar jiragen Amurka da Ingila masu bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar, leburori da kuku da masu gadi suka yi ta kwarara kusa da sansanin jiragen. An ci moriyar ƙarfinsu, ba a shata musu titi ko magudanar ruwa ba, shi ya sa har yau babbar kwatar Nima ke ambaliya da damina.

Mulkin kai bai wanke wannan tabo ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, dubun dubatar mutane suka bar zanguna, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan. (Najeriya ta rama a 1983, kuma nata ma bai yi kyau ba.) 'Yan siyasar yau sun gaji lissafin Glover ba tare da sun karanta shi ba: matashin da ake shakkar asalinsa, ba shi da aikin yi, shi ne mafi arhar ɗauka, kuma mafi sauƙin yasarwa idan 'yan sanda sun zo. Na yarda babu wanda ke tilasta masa karɓar kuɗin, kuma malaman Zango, tun daga Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ba su gaji da jan kunne ba. Amma wa'azi ga yaro kaɗai ba ya rufe kasuwa muddin mai saye na nan.

Bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa, kuma dokar ta haɗa da masu ɗaukar nauyinsu. Can ya kamata a gwada ta, a kan mai biyan kuɗi, ba a kan yaron da aka kama da gora kaɗai ba. Asusun Raya Zanguna da aka kafa a 2017 kuma ba zai yi tasiri ba idan har jikan wanda ya yi yaƙi a Bama zai je neman katin ɗan ƙasa, a dubi sunansa, a ce ya koma ya kawo shaidar inda aka haifi kakansa.