Ruwan Rima Da Dokar Duniya: Ina Masu Ba Gwamnati Shawara?

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan ruwan Rima, wanda da shi manoman Goronyo da Wurno suke noman shinkafa da albasa in rani ya yi.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ruwan nan namu ne mu kaɗai, alhali ba haka ba ne. Gulbin Gada da aka tare a Jibiya, jihar Katsina, shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Rima kafin a iso dam na Goronyo. To, ka ga kowa na sama da wani, kowa kuma na ƙasa da wani. Shi ya sa ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, aka ɗora kula da ita a kan Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai ofishi a Yamai.

Akwai wasu masana da ba a cika jin sunansu ba, wato Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1947. Mutum 34 ne, ba su da soja, ba su da kotu, nazari da shawara ne aikinsu. Marigayi Taslim Elias namu ya zauna a cikinta kafin ya zama shugaban Kotun Duniya. Sun shafe shekara 20 da 'yan kai suna tsara dokar kogunan da suka ratsa ƙasashe, suka miƙa a 1994, Majalisar ta amince a 1997, ta fara aiki a 2014. Nijeriya da Nijar duk sun shiga.

Wani zai ce ai takarda ce kawai. To, a 1997 ɗin nan, tun ba ta fara aiki ba, Kotun Duniya ta kafa hujja da ita a shari'ar Hangare da Sulobakiya kan dam a kogin Danub. Kuma abin da ke ciki ya shafi gonarmu kai tsaye: kada ƙasa ta cutar da maƙwabciyarta da ruwa, in za ta yi aikin da zai taɓa ta sai ta sanar, a ba da wata 6 na nazari, in ambaliya ta taso kuwa a gaya wa juna ba tare da ɓata lokaci ba. Wanda ya ga ambaliyar Goronyo ta 2010 ya san amfanin sanarwa da wuri.

Abin da ke damuna, Edita, tun juyin mulkin Nijar na 2023 dangantaka ta yi tsami, har Nijar ta fice daga ECOWAS a 2025. Amma fita daga ƙungiya bai soke yarjejeniyar ruwa ba, kuma lauyoyin Ma'aikatar Shari'a da ta Harkokin Waje su ne ya kamata su riƙa tuna wa shugabanni wannan, ko da ba a so ji ba.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu na majalisar tarayya da su nemi a bayyana wa jama'a inda aka kwana kan yarjejeniyar Maiduguri, a kuma fassara ta da Hausa a karanta a gidan rediyon Rima.

Naka mai karatu a kullum,
Goronyo, Jihar Sakkwato.