Kwaskwarimar Tsofaffin Gidaje a Abuja

Tun da gwamnatin Obasanjo ta fara sayar da gidajen ma'aikata na Abuja a 2005, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, wata sana'a ta kafu a Garki da Wuse. Mai hali ya sayi tsohon gida, ya sake rufi da wayoyin lantarki, ya sayar da riba. Wannan ba abin zargi ba ne, gama gidajen shekarun 1980 sun tsufa, magina da kafintoci kuma suna samun na tuwo.

Inda gizo ke saƙar shi ne gida na biyu. Tun na farko bai sami mai saye ba, sai a jinginar da takardarsa a banki don a sayi wani kango. Bashin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne, amma don mai neman muhallin kansa aka tanade shi. Ɗan kasuwa sai bankin kasuwanci, ga shi kuwa a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwa kashi 27.5.

Ruwan nan kullum hauhawa yake, ko an sami ciniki ko ba a samu ba. To, daga ina za a rage? Daga siminti da kwano. Sai a rufe tsaga da fenti, a bar ruɓaɓɓen katako cikin rufi. Ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a irin wannan gida, damina ta farko ce za ta nuna masa abin da ya saya.