Ba A Wanke Allo Sai An Haddace

Wannan magana tamu ta yau da akawuna mu ke yi, magada aikin akawunan En'e na da, da kuma malaman makaranta, musamman na nan Kaduna ta Arewa, daga Doka zuwa Kawo, daga Unguwar Rimi zuwa Malali da Badarawa. Abin da ya tayar da ita shi ne wannan na'ura mai kama da allo wadda ta fara shiga ofisoshinmu da azuzuwanmu, watau kwamfutar da ba ta da komai a fuskarta sai gilashi, a na taɓawa da yatsa ta na amsawa. Mu za mu kira ta kwamfutar allo. Mutane da yawa su na zaton in an saye ta an gama. Ba haka ba ne. Gilashin da hannu ke riƙewa gangar jiki ne kurum. Ran abin shi ne manhajar da ke ciki, ita kuwa masu ita su na can Amurka da Koriya da Sin, su na sake mata fasali kusan kowace shekara ba tare da sun shawarci akawun Magajin Gari ba. Tambayar da ta kamace mu ita ce, wannan sake-saken, ribarmu ne ko hasararmu?

Bari mu fara da yabo, don kowa ya yi da kyau a yaba masa. Kamfanin Apple ya fitar da iPad a 2010. A wancan lokaci abin kallo ne da karatu kawai, ba ya iya buɗe aiki biyu a gaban mutum lokaci guda, kuma ba shi da wurin da mai shi zai shiga ya ga takardunsa a jere kamar yadda akawu ke buɗe kabad ya ga fayil. A 2017 aka sa masa ma'ajiyar fayil. A 2019 aka raba manhajarsa da ta wayar iPhone, aka ba ta suna iPadOS. A 2020 aka yarda masa ya yi aiki sosai da linzamin kwamfuta. A watan Satumba na 2025 kuma aka fitar da iPadOS 26, wadda ta ba mutum ikon buɗe tagogi da yawa, ya faɗaɗa wannan, ya ƙuntata wancan, kamar dai a babbar kwamfuta ta kan tebur. Su ma masu Android, wadda ita ce a cikin galibin allunan da a ke sayarwa a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, sun fitar da Android 12L a 2022 musamman domin na'urori masu faɗin fuska.

Wanda bai taɓa aikin ofis ba zai ce wannan duka ƙawa ce. Amma akawun da ya taɓa kwafe jerin sunayen ma'aikata daga wata takarda zuwa takardar albashi ya san darajar ganin takardu biyu gefe da gefe. Malamin da ke haɗa makin jarrabawar yara sittin ya san bambancin buga lamba da yatsa ɗaya a kan gilashi da buga ta a kan maɓallai irin na tafireta. Saboda haka ba mu cikin masu cewa duk sabon abu fitina ne. Iyayenmu da aka koya wa tafireta a makarantar horon akawuna ta Zariya, wadda aka kafa a 1947, daga baya ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, su ma an yi musu dariya a kan sun bar alƙalami. Da kiɗa ya sake sun sake rawa, kuma da hannunsu aka tafiyar da mulkin Jihar Arewa.

To, amma tafireta ta na da wata kyakkyawar ɗabi'a guda: yadda ka bar ta da yamma haka za ka iske ta da safe. Kwamfutar allo ba haka ta ke ba. Ka na iya kwana da ita ka san inda komai ya ke, ta sabunta kanta cikin dare, ka wayi gari maɓallin da ka saba da shi ya ƙaura. Ga misali daga babban kamfani ma. A cikin iPadOS 26 ɗin nan da mu ka yaba, an cire wata ƙaramar taga da a kan jawo daga gefe, wadda mutane suka shekara goma su na aiki da ita. Da kuka ya yi yawa, sai kamfanin ya mayar da ita bayan 'yan makonni. Ga mai wasa da na'urarsa a gida wannan ba komai ba ne. Ga akawun da layin mutane ke gabansa tun ƙarfe takwas, rabin yini ne ya salwanta.

Almajiran Tudun Wada da na Unguwar Shanu sun san wata ƙa'ida tun kafin a haifi masu ƙera waɗannan na'urori. Malam ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya abin da ke kai, malam ya ji ya zauna. Sa'an nan a wanke, a yi sabon rubutu. Masu manhaja kuwa su na wanke mana allo mu na tsakar biyawa. Wannan shi ne tushen ciwon, kuma maganinsa ba a Amurka ya ke ba, a hannun shugabannin ofisoshinmu ya ke.

Idan wani ya na ganin mun kai abin da nisa, to, ya tuna da zaɓen 2023. Hukumar Zaɓe ta ƙasa ta yi aiki da na'urar BVAS, wadda ita ma dangin allon nan ce, da Android ta ke tafiya. Aikinta biyu ne: ta tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska, sa'an nan ta ɗauki hoton takardar sakamako ta aika wa rumbun Hukuma don kowa ya gani. Ran 25 ga Fabrairu hotunan sakamakon 'yan majalisa suka yi ta shiga, na shugaban ƙasa suka ƙi, sai da dare suka fara shiga. A rahotonta da ta fitar a 2024, Hukumar ta ce kuskure ne a yadda aka tsara manhajar rumbun: an shirya ta ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha guda ba ne, sai ta rasa inda za ta sa shi. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, abin da ya biyo baya kowa ya gani: zargi, da ƙararraki har Kotun Ƙoli, da zubewar amincin da ba a saye da kuɗi. Bayan wannan kuma, sai da aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris, don a sami lokacin sake saita na'urorin rumfuna fiye da 176,000. Ƙasa ɗungum ta jira mako guda saboda manhaja. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu mutanen Kaduna ma ba baƙi ba ne a wannan fage, don jihar nan ce ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a Nijeriya, ran 12 ga Mayu 2018, aka kuma maimaita a 2021. Duk malamin da ya yi aikin rumfa a lokacin ya san cewa ranar zaɓe ba ranar koyon na'ura ba ce.

Akwai kuma wata hasara da ba a gani ranar ciniki, watau tsufan manhaja. Kowane kamfani ya na da iyakar shekarun da zai yi ta aiko da gyara. In ya daina, allon ya na nan da ƙyallinsa, amma ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano ba mai toshe su, kuma sannu a hankali sauran manhajoji su kan ƙi zama a kansa. iPadOS 26 ba ta hawa iPad na bakwai wanda aka fitar a 2019. WhatsApp, wadda rabin saƙonnin ofisoshinmu ke bi ta kanta, ta daina aiki a kan Android 4.4 a watan Oktoba na 2023. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na kowa da kowa ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Alluna masu araha kuwa, da yawansu da manhajar da suka zo da ita su ke mutuwa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ga wannan, suka kafa doka wadda ta fara aiki ran 20 ga Yuni 2025, cewa duk waya ko allon da za a sayar a ƙasashensu tilas a ci gaba da sabunta manhajarsa shekara biyar, mafi ƙaranci, bayan an daina sayar da irinsa. In Bature mai kuɗi ya tsaya sai an rubuta masa wannan, ina dalilin da zai sa ma'ajin ƙaramar hukuma ya sa hannu a kan kwangilar alluna ɗari biyar bai tambayi shekara nawa ba? Araha ba ta ado. Abin da Gwamnati ke saye ba gilashi ba ne, alkawarin shekaru ne, kuma ya kamata ya zama a rubuce cikin takardar kwangila, da hukuncin saɓa shi.

Sai maganar wuta da layi. Sababbin manhajoji da yawa an gina su ne bisa zaton cewa intanet kamar iska ta ke, ba ta yankewa. Mu kuwa mun ga watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya sami matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Mun ga ƙarshen 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan kusan wata biyu saboda sha'anin tsaro. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin waya da na data har kashi 50 cikin ɗari. Sabuntawa guda ɗaya ta kan ci data mai yawa. Wa zai biya, malamin firamare daga albashinsa? Abin koyi a nan shi ne allon Opon Imo da Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare a 2013, wanda aka zuba littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a cikinsa don a yi karatu ba da intanet ba. Duk manhajar da ba za ta karɓi rajistar yara ba sai da layi, ba ta dace da makarantar da ke bayan Kawo ba, balle ta ƙauye.

Kada kuma a manta da harshenmu. Tun shekarun 1930 aka daidaita rubutun Boko da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita da Hausa tun Janairun 1939. Yau maɓallan Gboard su na da Hausa, haruffan kuma su na cikin tsarin haruffan duniya na Unicode. Duk da haka za ka ga takardar hukuma an rubuta baki a inda a ke nufin baƙi, ko kafa a inda a ke nufin ƙafa, don wanda ya gina manhajar ofishin bai gwada ta da sunan mutum ɗaya mai lanƙwasa ba. Kafin a karɓi kowace manhaja, a buga mata Ɗanladi da Ƙanƙara da Ɓaidu, a buga a takarda, a nema a cikin jeri. In ta kasa, a mayar wa mai ita.

Abu mafi nauyi shi ne amana. A Gidan Adana Takardun Tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna akwai fayilolin larduna da na En'e waɗanda aka rubuta tun kafin a haifi kakannin masu karatun nan, har yau kuwa ɗalibi ya na buɗewa ya karanta. Wane akawu ne zai rantse cewa rajistar da ya shigar a allonsa bana za ta buɗu nan da shekara talatin? Takardar fili, da ta fansho, da ta haihuwa, haƙƙin talaka ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Saboda haka kada a bar takardar hukuma a cikin allo guda, ko a cikin asusun wani ma'aikaci na kansa, wanda in an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita. A ajiye kwafi a rumbun ofis cikin fasalin da kowace na'ura ke iya buɗewa, manyan takardu kuma a buga su a sa a fayil. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Ga shawararmu ga shugabannin ma'aikatu da sakatarorin ilmi. A kowane ofis a naɗa mutum guda wanda sabuntawa ke hannunsa. A kashe sabuntawar da ke zuwa da kanta a allunan aiki. In sabuwa ta fito, ya gwada ta a allo ɗaya ko biyu har mako biyu, ya ga ta na buɗe takardar albashi da rajista, sa'an nan a sake ta ga sauran. Gyaran da ya shafi toshe ƙofar ɓarawo kuwa kada a jinkirta shi. Kada a taɓa komai a makon albashi, ko makon jarrabawa, ko jajiberin zaɓe. Kowane babban sauyi a haɗa shi da yini guda na horo, da Hausa, a wurin aiki. Cibiyar Malamai ta Ƙasa ta na nan kan hanyar Zariya tun 1976, wannan aikinta ne.

Ku kuma akawuna da malamai, kada tsoron na'ura ya sa ku miƙa wa yaron shago aikin da ku aka ba amana. Ku koya, ku yi tambaya, in sauyi ya ɓata muku aiki ku rubuta wa na gaba da ku, da kwanan wata da abin da ya lalace, don shugaba ba ya gyara abin da ba a kai gabansa ba. Allah ya sa wannan allo ya zama mai yi wa talakawa hidima, ya kuma ba shugabanninmu basirar tambaya kafin sa hannu, amin.