Ina Kuɗin Jajen Haiti Suka Kwana?

A watan Maris na 2010, wata biyu bayan girgizar ƙasar da ta rugurguza birnin Port-au-Prince, shugaban Haiti na lokacin, René Préval, ya roƙi duniya wani abin da ba a saba ji daga bakin shugaban ƙasar da ke zaman makoki ba. Ya nemi a sassauta turo abincin agaji. A daidai lokacin, sama da mutum miliyan ɗaya suna kwana a ƙarƙashin tamfol, don haka wanda bai san ƙasar ba zai iya ɗaukar maganar a matsayin butulci ko girman kai. Hujjar Préval kuwa ita ce, muddin jiragen ruwa suka ci gaba da sauke shinkafar kyauta, manomin Haiti ba zai sami mai sayen tasa ba, kuma manomin da bai sayar da amfanin bana ba, ba shi da abin da zai shuka baɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar ta taɓo wani abu da masu ba da gudummawa ba su cika son ji ba. Buƙatar mutumin da gini ya danne daban take da buƙatar ƙasar da gini ya danne. Mutum yana son ruwa da magani da wurin sa haƙarƙarinsa, kuma a cikin makonnin farko babu wanda ya damu da inda waɗannan suka fito. Ita kuwa ƙasa, abin da take so shi ne kasuwarta ta sake ci, ma'aikatanta su karɓi albashi, maginanta su sami aiki, hukumominta su tara haraji. Kuɗin da ya ceci mutum yana iya wucewa ta kan ƙasa bai taɓa ta ba, wani lokaci ma ya taka ta. Abin da ya faru a Haiti ke nan.

Girgizar ta auku ne da yammacin ranar 12 ga Janairu, 2010, da ƙarfin maki 7.0, kuma cibiyarta tana kusa da garin Léogâne, kimanin kilomita 25 yamma da babban birnin. Gwamnati ta ce mutanen da suka rasu sun haura 300,000, wasu masu bincike sun kawo adadin da bai kai haka ba, amma ko mafi ƙanƙantar ƙididdiga ta isa ta tsayar da numfashi. An ƙiyasta asarar da aka yi a kan dala biliyan 7.8, wato fiye da dukkan abin da tattalin arzikin ƙasar ya samar a shekarar 2009. Fadar shugaban ƙasa ta rufta, kusan dukkan gine-ginen ma'aikatu sun rushe, ma'aikatan gwamnati da yawa sun mutu a kan teburansu. Makonni shida bayan nan, girgizar da ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, mai maki 8.8, ta afka wa ƙasar Chile, amma waɗanda suka rasu a can ba su kai 600 ba. Akwai bambancin wuri da zurfin girgizar, gaskiya ne. Sai dai babban bambancin yana cikin ingancin siminti da rodi, da dokar gini da ake bi, da hukumar da ke iya tilasta a bi ta. Talauci da raunin hukuma su ne suka mayar da girgiza ta zama kisan kiyashi, saboda haka duk agajin da bai rage waɗannan biyun ba, ya bar ƙasar tana jiran bugu na gaba.

Duniya ba ta yi rowa ba. A Amurka kaɗai, saƙon tes na dala goma-goma ya tara fiye da dala miliyan 30. A taron da aka yi a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York ranar 31 ga Maris, ƙasashe da manyan cibiyoyin kuɗi sun yi alkawarin fiye da dala biliyan 5 na shekara biyun farko. Tambayar ita ce ta wace hanya kuɗin suka bi. Ofishin manzon musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haiti, wanda Bill Clinton ya jagoranta, likita Paul Farmer yana mataimakinsa, ya bi sawun kusan dala biliyan 6 da aka fitar tsakanin 2010 da 2012. Abin da ya shiga hannun gwamnatin Haiti bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Abin da ya isa ga ƙungiyoyi da kamfanonin 'yan ƙasar bai kai kashi ɗaya ba. Tun a makonnin farko kamfanin dillancin labarai na AP ya lissafa cewa a kowace dala ɗaya da gwamnatin Amurka ta ware, kimanin kashi ɗaya cikin uku ya tafi ne wajen biyan ɗawainiyar sojojin Amurka da aka tura. Sauran kuɗin, mafi yawansu sun faɗa asusun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin ƙetare da 'yan kwangilar ƙasashen da suka ba da kuɗin. An rubuta sunan Haiti a kan ambulan, amma akasarin abin da ke ciki bai taɓa kwana a bankin Haiti ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wa za a damƙa wa kuɗin, alhali ma'aikatu sun zama kufai, kuma ƙasar tana da dogon tarihin wawure dukiyar jama'a tun zamanin gidan Duvalier? Badaƙalar kuɗin PetroCaribe, wato bashin man fetur mai sauƙi daga Venezuela da binciken majalisar dattawan Haiti da kotun binciken kuɗi suka nuna an yi facaka da shi, ta zo daga baya ta ƙara wa wannan hujja nauyi. Amma hujjar tana cin kanta. Gwamnatin da ake kewayewa saboda ba ta da ƙarfi, kewayewar ce ke ƙara kassara ta. Ƙwararren injiniya ko akanta da ke ma'aikata yana ganin ƙungiyar agaji na biyan direba fiye da albashinsa, sai ya ajiye aikin gwamnati ya koma can. Bayan shekara uku ƙungiyar ta naɗe tabarmarta, ma'aikatar kuma ta wayi gari babu mutumin. Kuma in dai tsoron ɓatan kuɗi ne, hanyar da aka zaɓa ba ta hana su ɓata ba, sai dai ta sauya inda suke ɓacewa: kwangila ta fita daga hannu zuwa hannu, kowane hannu ya yanki kuɗin gudanarwa kafin ya miƙa gaba.

Ko a teburin shawara ma an bar masu ƙasa a baya. Tarurrukan tsara agaji da yawa an yi su ne da Turanci a cikin sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya mai shinge da masu gadi, a ƙasar da harshen kowa shi ne Kiriyol. A watan Disamba na 2010, wakilan Haiti goma sha biyu da ke cikin hukumar riƙon ƙwarya ta sake gina ƙasar sun rubuta takardar koke cewa an mayar da su 'yan amshin shata.

Batun shinkafa ne ya fi nuna zurfin lamarin, domin ciwon ya girmi girgizar. Har zuwa shekarun 1980, Haiti tana noma mafi yawan shinkafar da take ci, musamman a kwarin kogin Artibonite. A 1995, bisa matsin lambar Amurka da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka zaftare harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100. Shinkafar Amurka, wadda gwamnatin can ke tallafa wa manomanta, ta cika kasuwa a farashin da manomin Artibonite ba zai iya karawa da shi ba, har mutanen ƙasar suka raɗa mata suna shinkafar Miami. Manoma suka bar gonaki suka kwarara birni, suka kafa gidajen bulo marasa inganci a kan gangaren tsaunukan Port-au-Prince. Su ne gidajen da suka rufta a kan masu su ranar 12 ga Janairu. A ranar 10 ga Maris, 2010, Clinton, wanda shi ne shugaban Amurka lokacin da aka yi wancan matsi, ya tsaya gaban kwamitin harkokin waje na majalisar dattawan ƙasarsa ya amsa cewa manufar kuskure ce, ta amfani wasu manoman jiharsa ta Arkansas amma ta cuci Haiti. Amsa laifin abin a yaba ne. Sai dai a daidai lokacin da yake maganar, dokar agajin abinci ta Amurka tana nan yadda take: a sayi hatsin a Amurka, a kuma yi jigilar kaso mafi tsoka a jiragen ruwa masu tutar Amurka. Da an ɗauki wani ɓangare na kuɗin an saye shinkafar Artibonite a farashi mai kyau an raba wa mazauna sansanoni, da dala ɗaya ta yi aiki biyu, ta ciyar da mai jin yunwa ta kuma raya manomi. An yi irin wannan saye, amma kaɗan.

Haka abin ya kasance a wasu sana'o'in. Asibitin kyauta na likitocin ƙetare ya ceci rayuka masu yawa, babu mai musun haka, amma wasu asibitoci masu zaman kansu na 'yan ƙasar sun rufe ƙofa cikin 'yan watanni, domin sun yi wa jama'a aiki kyauta a ranakun tashin hankali kuma babu wanda ya mayar musu da abin da suka kashe. Wajen gidaje kuwa, binciken da ProPublica da gidan rediyon NPR suka wallafa a 2015 ya nuna cewa ƙungiyar Red Cross ta Amurka, wadda ta tara kusan dala miliyan 500, gidajen dindindin guda shida kawai ta gina da kanta. Ƙungiyar ta musanta yadda aka zana lamarin, ta ce ta kashe kuɗin ne a kan matsuguni na wucin gadi da tallafin haya da wasu ayyuka, kuma gaskiya ne rikicin mallakar fili a Haiti yana hana gini. Amma wannan uzuri shi kansa shaida ne. Tantance wane ne mai fili aikin ofishin ƙasa da safiyo ne da kotu, ba aikin ƙungiyar agaji ba, kuma su ne hukumomin da kuɗin suka tsallake.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A watan Oktoba na 2010, cutar kwalara ta ɓarke a kwarin Artibonite, daga najasar sansanin dakarun wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal. Ta kashe kusan mutum 10,000, ta kama sama da 800,000. Sai a watan Disamba na 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara, kuma asusun dala miliyan 400 da aka ce za a tara bai sami ko kusa da haka ba. Kwalara cuta ce ta inda babu famfo da magudanar ƙazanta. Ruwan roba da tankokin agaji sun kashe ƙishi, amma ba su shimfiɗa bututu ba.

Da aka tashi yin babban aikin raya tattalin arziki, sai aka kai shi Caracol, can arewacin ƙasar inda girgizar ba ta taɓa ba. An buɗe rukunin masana'antun a 2012, babban mai haya kamfanin ɗinki ne na Koriya ta Kudu, an tashi iyalan manoma sama da 300 daga gonaki masu albarka, an yi alkawarin ayyuka kimanin 60,000. Waɗanda aka samu ba su yi kusa da rabin hakan ba.

Abin da ya riƙe gidajen Haiti shekara da shekaru bai fito daga taron New York ba. Kuɗin da 'yan ƙasar mazauna Miami da New York da Montreal ke aiko wa danginsu ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar, kuma yana shiga hannun mai shi kai tsaye, ya kashe shi a kasuwar unguwarsu, wajen mai bulo da mai ɗinki da makarantar yara. Izinin zama na wucin gadi da Amurka ta ba 'yan Haiti kwanaki kaɗan bayan girgizar bai ci ko sisin kuɗin agaji ba, amma ya ba dubban mutane damar yin aiki a fili su aika da kuɗi gida. A ɓangaren ƙungiyoyi ma akwai misalin da ya fita daban. Asibitin koyarwa na Mirebalais, mai gadaje kusan 300, wanda ƙungiyar Partners In Health da takwararta ta gida Zanmi Lasante suka gina aka buɗe a 2013, an yi shi ne bisa roƙon ma'aikatar lafiya kuma a matsayin asibitin gwamnati, ya kuma riƙa horar da likitocin ƙasar. Bambancinsa da saura shi ne an tambayi mai gida abin da yake so kafin a kawo.

Masu harkar agaji sun san duk wannan. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da kuɗi sun sa hannu kan cewa kafin 2020 za su riƙa miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyi da hukumomin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce ba a cimma adadin ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar agaji tana ba da bahasi ne ga wanda ya ba ta kuɗi, ba ga wanda ta ba buhu ba, kuma mai bayarwa ya fi son hoton buhu mai tambari a kan takardar albashin sufeton gine-gine, duk da cewa sufeton ne zai hana rufi faɗowa a kan yara a karo na gaba.

Ranar 14 ga Agusta, 2021, wata girgiza mai maki 7.2 ta sake afka wa kudu maso yammacin Haiti, ta kashe sama da mutum 2,200. Cikin abubuwan farko da firaminista Ariel Henry ya faɗa akwai cewa ba za a maimaita abin da aka yi a 2010 ba, duk agajin da zai shigo sai ya bi ta hukumar kare fararen hula ta ƙasar. A wannan shekarar ma, kimanin kashi 80 cikin 100 na shinkafar da ake dafawa a Haiti daga ƙetare ake shigo da ita, mafi yawanta daga Amurka.