Kafin Mu Sayi Kwamfuta, Mu Gyara Tsarin Karatu

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, kwamitocin makarantun Islamiyya da dama sun ɗauka cewa ci gaba shi ne a jera kwamfutoci a ɗaki guda, a yi bikin buɗewa. Mu dai ba mu ƙyamar sabon abu mai amfani, domin ta Rediyon Kaduna tafsirin marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya kai ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taka ba. Sai dai rediyon ya amfanar ne saboda malamin da ke bayansa.

Wasu sun riga mu gwadawa. Gwamnatin ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna ba su ƙaru ba a lissafi ko karatu, domin koyarwar tana nan yadda take.

To, mene ne ke ƙara ilmi? Tun 1885 wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bita a rarrabe cikin kwanaki ta fi ta zama ɗaya. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka suka tabbatar cewa wanda ya rufe littafi ya kawo karatu da ka, ya fi mai maimaita dubawa riƙewa bayan mako guda. Ashe wannan ba ita ce muraja'a da tilawar da alarammominmu suka gada ba? A kan wannan ƙa'ida aka gina manhajoji da yawa na hadda, masu tuna wa ɗalibi ranar bita.

Abin takaici, mu da muka gaji hanyar mu ne muke sakinta. Ana ta ƙara wa yaro sabon karatu domin a gaggauta walimar sauka, a bar muraja'a sai jajibirin jarrabawa. Bayan shekara guda hadda ta zube, kuɗin iyaye da shekarun yaro sun tafi.

Saboda haka muna kira ga kwamitocinmu da su fara da jadawali: a keɓe wa muraja'a lokacinta kullum, a rage cunkoson aji, a horar da malamai, a biya su haƙƙinsu a kan kari. Idan wannan ya zauna, sai na'ura ta shigo ta taimaka wa malami wajen jiyar da ƙira'a da tsara bita. Makaranta amana ce, za a kuma tambaye mu a kanta.

Allah Ya sa mu dace, amin.