Ba Aljanu Ba Ne, Wayar Ƙasa Ce Babu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan kwangila. In famfon burtsatse mai aiki da hasken rana ya tsaya, ko akwatin da ke sarrafa inji ya dinga kashe kansa ba gaira ba dalili, sai a ce wai kayan Turawa ne, ba sa jure zafinmu. Wani ma ya ce aljanu ne. To, mu mun ƙi wannan magana. Daga Sandamu har Zango da Mai'adua, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: ina wayar ƙasa, kuma wa ya auna ta?

Akwatin sarrafa na'ura yana sauraron ma'aunansa ne ta wata 'yar siririyar wuta, galibi tsakanin miliamfa 4 zuwa 20. Ita kuwa inbata mai juya famfo tana datsa wuta sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana watsa hayaniya. In aka kwantar da wayar saƙo a bututu ɗaya da wayar wuta don tsimin kuɗi, hayaniyar nan za ta shige ta, tanki ya cika har ya tumbatsa, akwati yana cewa babu ruwa. Haka nan in aka ɗaure rigar wayar saƙo da ƙasa a wurare biyu da ƙarfin wutarsu bai zo ɗaya ba, sai wuta ta riƙa zagayawa a cikinta tana gurɓata saƙon. Maganin sananne ne: a raba hanyoyin wayoyin, a tattara wayoyin ƙasa a mahaɗa guda.

Ga kuma halin ƙasarmu. Ƙasar Daura rairayi ce, busasshen rairayi kuwa ba ya shan wuta kamar laka mai danshi. Sandar da aka kafa a watan Agusta ta ba da awo mai kyau, kafin Maris ta zama ado. Gishiri da gawayin da ake zuba mata taimakon ɗan lokaci ne, gama ruwa yana wanke gishirin, gishirin kuma yana cin ƙarfen. Abin da ya wajaba shi ne sanduna da yawa, masu zurfi, haɗe da juna, a kuma auna su da rani.

Kada wani ya ɗauka maganar injuna ce kawai. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfa guda ba yana iya tsayar da zuciyar mutum. Jikin famfon da ba shi da wayar ƙasa, in wuta ta tsiyaya a cikinsa, hanyar da za ta bi ita ce yarinyar da ta zo ɗiban ruwa ba takalmi. Wa zai ce wa uwarta aljanu ne?

Doka ba ta rasa ba. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA don duba aikin lantarki. Makarantu ma ga su: akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, an aza harsashin Jami'ar Sufuri a 2019, an kuma ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura, a 2021. Wanda ya kasa kula da famfon ƙauye, da wane ido zai dubi tashar jirgi?

Saboda haka muke kira gare ku, ku da takardun biyan kuɗi ke bi ta kan teburinku. Kada ku sa hannu sai kun ga awon sandar ƙasa a rubuce, da ranar da aka yi shi, da sunan wanda ya auna. Mu ɗaliban injiniya kuma mu nemi a ba mu na'urar awon mu riƙe da hannunmu, kada ilminmu ya tsaya a kan allo. Hausawa sun ce, tun ran gini, ran zane.